Tsarin shafin intanet: ƙa'idar ƙwararru da abin da maziyarci ke nema

Mai makaranta a Rikkos, ko mai sayar da kayan gyaran mota a Dilimi, ko mai masauki a Rayfield, duk a birnin Jos, ya biya kuɗi an gina masa shafin intanet. Ranar da aka nuna masa sai ya ga fili fetal: hoto ɗaya babba, kalmomi ƙalilan, da wasu gajerun layuka uku a kusurwar sama. Ya tambaya ina lambar wayarsa, ina farashi, ina sauran kayan. Matashin da ya yi aikin ya ce, "Alhaji, haka ake yi yanzu, ƙa'idar da duniya ta yarda da ita ke nan." Alhaji ya ce shi ya fi kowa sanin abokan cinikinsa, kuma ba haka suke so ba. Kowannensu yana magana ne da yawun wani mutum na uku da ba ya wurin, wato wanda zai buɗe shafin a wayarsa.

Gardamar ta daɗe, amma ta ƙara nauyi tun watan Janairun 2025, da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin 100. Duk shafin da mutum ya buɗe yanzu, ya san daga aljihunsa ake cira. Ga shi kuma abubuwan da a da ake yi da ƙafa, irin su biyan kuɗin makaranta, neman gurbin karatu, rajistar hidimar ƙasa da neman fasfo, sun koma kan intanet. Don haka tambayar ko ƙa'idojin masu tsara shafuka sun yi daidai da abin da mai ziyara ke so ta wuce maganar ado.

## Daga ina ƙa'idojin suka fito?

Abin da masu sana'ar ke kira ƙa'idojin aiki mafi inganci ba littafi ɗaya ba ne, kuma ba wata hukuma ce ta zauna ta rubuta su lokaci guda ba. Shawarwari ne da suka taru cikin shekaru kusan 30, kowacce da inda ta samo asali.

Wasu daga gwaji suka fito. A 1994 Jakob Nielsen, ɗan asalin ƙasar Denmark, ya fitar da ƙa'idoji 10 na sauƙin amfani da manhaja. A 1998 shi da Don Norman suka kafa kamfanin Nielsen Norman Group a Amurka, wanda babban aikinsa shi ne a zaunar da mutum a gaban kwamfuta, a ba shi abin yi, a zuba ido a ga inda zai maƙale. Wasu daga ƙungiyar W3C mai kula da mizanin yanar gizo suke. Ita ta fitar da WCAG a 1999, jagoran sauƙaƙa shafuka ga masu lalurar gani, ji ko motsi, ta kuma sabunta shi a 2008, 2018 da 2023. Wasu kuwa sharuɗɗan Google ne. Tun Afrilun 2015 kamfanin ya fara fifita shafukan da ke zama daidai a fuskar waya a sakamakon bincikensa, a 2020 kuma ya fito da ma'aunan da a cikinsu har da cewa babban abin da ke shafi ya bayyana cikin sakan 2.5.

Sai yayi, wanda ba a cika yarda a kira shi da sunansa ba. A 2013 kamfanin Apple ya cire inuwa da tudun maɓallai daga manhajar wayoyinsa, komai ya koma shimfiɗaɗɗe. Google ya fito da nasa salon a 2014, masu tsara shafuka a ko'ina suka bi sahu. Akwai kuma dabarun 'yan talla na tatsar lambar waya da imel daga maziyarci.

Matashin da ya koyi aikin a YouTube ko a wata cibiyar horo yakan karɓi duk waɗannan a dunƙule, da suna ɗaya, ba tare da an rarrabe masa wanda aka gwada da wanda aka kwaikwaya kawai ba. Daga nan ruɗanin ya faro.

## Wane "so" ake nufi?

Abin da mutum ya faɗa da baki, da abin da ya burge idonsa, da abin da ya kai shi ga biyan buƙata, sukan raba hanya.

Ido yana yanke hukunci da wuri. A 2006 Gitte Lindgaard da abokan aikinta a Jami'ar Carleton ta Kanada sun haska wa mutane hotunan shafuka na tsawon kashi ɗaya cikin 20 na sakan, sai ra'ayin da suka bayar kan kyan shafin ya zo kusan daidai da wanda suka bayar da aka ƙara musu lokaci. Tun kafin nan, a 1995, masu bincike biyu na kamfanin Hitachi a Japan, Masaaki Kurosu da Kaori Kashimura, sun nuna wa mutum 252 tsare-tsare 26 na fuskar na'urar ATM. Waɗanda mutane suka ga sun fi kyau su ne kuma suka ɗauka sun fi sauƙin amfani, ko da a zahiri ba haka ba ne. Noam Tractinsky ya maimaita gwajin a Isra'ila yana zaton abin al'adar Japanawa ne, sai ya samu sakamakon ya ma fi ƙarfi. A wani binciken Jami'ar Stanford na 2002 da ya ƙunshi mutum sama da 2,600, kamannin shafi shi ne abin da aka fi ambato wajen yanke ko shafin abin yarda ne, a kusan kashi 46 cikin 100 na bayanan da mutane suka yi. Ke nan mai tsara shafi da ya dage sai aikin ya yi tsaf ba ɓata lokaci yake yi ba.

Baki kuwa ba abin dogaro ba ne sosai. Shawarar da Nielsen ya rubuta a 2001 ita ce a kalli abin da mutane ke yi, a rage sauraron abin da suke cewa. A wurinmu wannan ya fi ƙarfi saboda kunya da kara. Ka nuna wa dattijo shafi alhali wanda ya gina shi yana tsaye a gefe, abin da za ka ji shi ne, "Ya yi kyau, Allah ya ƙara basira." Idan ya kasa gano inda ake biyan kuɗi, ba zai ce shafin ne da laifi ba. Zai ce, "Ni ne ban iya waɗannan abubuwan ba," ya miƙa wa ɗansa wayar. Mai shafin ya tafi da yabo, bai san an kasa amfani da aikinsa ba.

## Inda babu saɓani

Ƙa'idojin da aka gina kan ido, yatsa da haƙurin ɗan Adam suna tafiya daidai da buƙatar maziyarci, a Jos ko a Landan.

Sauri ne kan gaba. Binciken da Google ya fitar a 2016 ya nuna kashi 53 cikin 100 na ziyarar da ake yi ta waya ana watsar da ita idan shafi ya wuce sakan 3 bai buɗe ba. A nan gida maganar ta fi zafi. Yawancin wayoyin da ke hannun jama'a Tecno ne, ko Infinix, ko itel, da dama cikinsu ƙananan samfura masu ƙaramin ƙarfi. Sabis yana iya yin kyau a titin Ahmadu Bello, ya yi rauni da zarar an nufi ƙauyukan Bokkos ko Mangu, inda masu dankalin Turawa suke. Matsakaicin nauyin shafi a waya, bisa ƙididdigar HTTP Archive mai auna shafukan intanet, ya haura megabait 2. Lissafin a fili yake: gigabait 1 ba zai wuce buɗe irin wannan shafi sau 500 ba, idan ma babu bidiyo mai kunna kansa. Wannan ne ya sa Opera Mini, mai matse shafi kafin ya iso waya, ta daɗe da farin jini a Najeriya, shi ne kuma ya sa kamfanin Facebook ya fito da Facebook Lite a 2015.

Sabo ma haka. Nielsen ya lura a 2000 cewa mutane sun fi daɗewa a wasu shafukan fiye da naka, don haka suna son naka ya yi aiki yadda waɗancan ke yi. Ga mutumin Unguwar Rogo ko Bukur, waɗancan ɗin su ne WhatsApp, Facebook, TikTok da manhajojin kuɗi irin su OPay da Moniepoint. Inda yatsarsa ta saba zuwa a can, nan za ta nufa a shafinka.

Jagoran WCAG ya nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bangonsa ya kai 4.5 zuwa 1, Google kuma yana ba da shawarar faɗin wurin dannawa ya kai kimanin milimita 9. Don masu raunin gani da rawar hannu aka fi yin waɗannan, amma mai tumatir a Farin Gada da ke duba waya da tsakar rana, gilashin ya tsage, ya kuma rage haske don kada caji ya ƙare, yana cikin waɗanda suka fi amfana. Ƙungiyar WebAIM tana duba manyan shafuka miliyan 1 duk shekara tun 2019, kuma kowace shekara sama da kashi 90 cikin 100 suna saɓa wa WCAG. Kuskuren da ya fi yawa shi ne rubutu mai dishi-dishi, a kusan kashi 80. Wato wani babban ɓangare na ƙorafin maziyarta ba da ƙa'ida yake ba, da masu ambaton ta ba sa bin ta ne.

## Inda yayi ya ari sunan ƙa'ida

Layukan nan uku da ke ɓoye jerin zaɓi su ne misali mafi kusa. Nielsen Norman Group ya gwada su a 2016 da mutum 179 a shafuka 6, ya samu cewa ɓoye jerin yana rage yiwuwar a gano abin da ke ciki da kusan rabi, yana kuma jinkirta aiki. A 2017 ya gwada maɓallai shimfiɗaɗɗu marasa alamar cewa dannawa ake yi, mutane suka ɗauki ƙarin kashi 22 cikin 100 na lokaci kafin su gano abin da suke nema. A nan hujja tana tare da Alhaji. Masu kare layukan uku suna da uzuri na gaskiya, cewa fuskar waya ƙarama ce, ba za ta ɗauki komai ba. Amma WhatsApp ma a ƙaramar fuskar yake, kuma manyan ɓangarorinsa a bayyane suke, kowanne da sunansa a rubuce.

Sai dai mai kasuwa ma yana da nasa yayin. Sau da yawa shi ke nacewa a sa hotuna masu juyawa da kansu a saman shafi, da rubutu mai ƙyalƙyali, da hotonsa tare da dogon jawabin maraba. A 2013 Erik Runyon ya ƙidaya yadda ake danna irin waɗannan hotuna a shafin Jami'ar Notre Dame ta Amurka: kusan kashi 1 cikin 100 na maziyarta ne suka danna, kuma kashi 84 na dannawar a hoton farko ta tsaya. Tun 1998 Jan Benway da David Lane na Jami'ar Rice suka nuna cewa ido yana tsallake duk abin da ya yi kama da talla, ko da shi ne amsar da ake nema. Uwar da ta buɗe shafin makaranta tana neman ranar dawowa daga hutu da kuɗin zango ba jawabin shugaban makaranta ta zo karantawa ba.

Akwai ma ƙa'idojin da ake maimaitawa bayan gwaji ya rushe su. Wadda ke cewa komai ya samu cikin dannawa 3, Joshua Porter ya gwada ta a 2003, bai ga mutane suna guduwa bayan dannawa ta uku ba. Muddin suna ganin alamar suna kan hanya, suna ci gaba.

## Cunkoso ko fili?

A nan ne gizo ke saƙar, domin ɓangarorin biyu suna da bincike a hannu.

Masu son fili suna kafa hujja da aikin da Alexandre Tuch da abokansa na Jami'ar Basel da kamfanin Google suka buga a 2012, wanda ya nuna mutane sun fi ganin kyan shafi mai ƙarancin tarkace, mai kama da abin da suka saba gani. Masu ja da wannan suna kawo binciken Katharina Reinecke da Krzysztof Gajos na 2014, wanda ya tattara ra'ayi miliyan 2.4 daga mutum kusan 40,000 a ƙasashe 179. Sun samu cewa ɗanɗano yana bambanta bisa ƙasa, shekaru, jinsi da zurfin karatu. Mutanen Rasha sun fi son shafi mara cika, na Masedoniya sun fi kowa son launuka, mata sun fi maza son launi, haka kuma yawan launin da ake so yana sauyawa da matakin ilimi. Mai tsara shafi, wanda galibi matashi ne mai karatun boko da ya saba da shafukan Amurka, ba lalle idonsa ya wakilci idon wanda yake yi wa aiki ba.

Su wane ne aka yi gwaje-gwajen a kansu ma abin dubawa ne. Wani nazari na 2021 kan takardun babban taron masana hulɗar mutum da kwamfuta, CHI, ya gano kashi 73 cikin 100 na sakamakon an same shi ne daga mutanen ƙasashen Yamma, waɗanda ba su kai kashi 12 na al'ummar duniya ba.

Misalai na zahiri suna nan. Yahoo na Japan da Rakuten cike suke maƙil da rubutu da hotuna, kuma suna cikin shafukan da aka fi shiga a ƙasar. Craigslist na Amurka da Nairaland na Najeriya, wanda Seun Osewa ya buɗe a 2005, sun daɗe da tsohuwar kamarsu, jama'a ba su daina shiga ba. Amma a yi adalci: wannan bai tabbatar da cewa kamar ce ke jawo mutane ba. Abin da ke ciki da sabawar shekara da shekaru ne ke riƙe su, kuma sabon shafi ba shi da ko ɗaya daga ciki.

Wanda ya san kasuwar Taminus ta Jos zai gane dalilin Alhaji. Mai atamfa yana baje hajarsa daga ƙasa har rufi, domin yawan kaya shi ke gaya wa mai saye cewa a nan zai samu abin da yake so, kuma da sauƙi. Kantin da ya jera abu uku a bayan gilashi yana gaya wa mai wucewa cewa wurin ba na aljihunsa ba ne. Sai dai mai atamfar ba zuba kayan ya yi haka nan ba: shadda gefe, leshi gefe, kowane iri da layinsa. Abin da ke korar maziyarci hargitsi ne, ba yawa ba. Shafi yana iya nuna kaya 30 da farashinsu a jere ya karantu sarai, wani kuma ya nuna abu 4 ya rikita mutum. Ƙa'idar da aka gwada tsari take nema. Barin fili mai yawa zaɓi ne da ya dace da wasu kasuwanci, bai dace da wasu ba.

## Abubuwan da ba don maziyarci aka yi ba

Akwatin da ke tasowa ya rufe shafi yana neman imel, roƙon izinin turo sanarwa, dogon share fage kafin a kai ga amsa don a burge Google, duk ana koyar da su a matsayin dabarun aiki. Suna ɗorewa ne saboda yadda ake lissafi: wanda ya ba da imel ana ƙirga shi, wanda ya fusata ya fita ba ya shiga rahoto. Google kansa ya fara rage matsayin shafukan waya masu irin wannan akwati a Janairun 2017. Sanarwar kukis kuwa, wato akwatin neman izinin adana bayanan ziyararka, daga doka ta fito, musamman dokokin Tarayyar Turai da suka ƙara tsauri a 2018, Najeriya ma ta samu tata Dokar Kare Bayanai a Yunin 2023. Manufar kare mutum ce, ko da yadda ake aiwatar da ita yana gajiyar da shi.

Mafi muni su ne tarkunan da Harry Brignull ya fara tattarawa a 2010, inda ake girmama maɓallin "na yarda" a dusashe na "a'a". 'Yan Najeriya sun ɗanɗani irin wannan ta wayar salula, lokacin da ake tsintar kai cikin rajistar waƙar kira ko saƙonnin da ke cin kati, har NCC ta fito da lambar 2442 a 2016 don toshe saƙonnin da ba a nema ba. Abin da ya bari a zukata shi ne tsoron dannawa. Mutum da yawa ba za su taɓa maɓallin da ba su san abin da zai biyo baya ba, don gudun a cire musu kuɗi. Maɓalli mai alama kawai, babu rubutu, yana faɗawa cikin wannan tsoro.

## Abin da gwajin Turai bai hango ba

Amana ita ce babba. Tsarin da ake koyarwa shi ne a zaɓi kaya, a saka a kwando, a shigar da lambar katin banki. Mai saye a Jos, wanda ya ji labarin damfara iri-iri, yana so ya ji muryar mutum tukuna. Yana neman lambar waya da za a ɗauka, maɓallin WhatsApp, hoton shagon na gaske, da kwatance irin na gari, kamar "bayan Babban Masallaci" ko "daura da tashar Bauchi", ba lambar gida kawai ba. Yana so ya nemi ragi, a turo masa bidiyon kayan, sannan ya yi tiransifa ya turo shaida. Ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 ya ƙara kafa wannan ɗabi'a ta tiransifa. Shafin da ya binne lambar waya a can ƙasa ya ɓoye abin da aka fi zuwa nema.

Fom ma yana da nasa matsalolin. Sunaye irin su Sa'adatu, Mu'azu da Isma'il suna ɗauke da alamar da wasu fom ke ƙi, sai mutum ya rubuta sunansa ba daidai ba, daga baya ya saɓa da abin da ke kan wata takardarsa. Rabon suna zuwa na farko da na iyali bai yi daidai da wanda ke amfani da sunansa, sunan mahaifi da sunan gari ba. Ana tilasta imel ga mutumin da aka buɗe masa shi ranar da ya sayi waya, bai kuma san kalmar sirrinsa ba, alhali lambar wayarsa ya haddace ta.

Sai harshe. Hausa ce harshen kasuwa a Jos, tsakanin Bahaushe, Birom, Ngas, Afizere da Anaguta, amma shafukan kasuwanci da na hukuma kusan duk da Turanci suke. Inda aka yi ƙoƙarin sa Hausa, wasu samfuran haruffa na ƙawa ba su da ƙ, ɗ da ɓ, sai harafin ya fito a wata siffa dabam ko ya zama akwati. Samfuran Noto na Google suna da su, kyauta ne kuma. Wurin bincike na cikin shafi ma ya kamata ya gane cewa wanda ya rubuta "kofa" yana neman "ƙofa" ne, tunda mutane da yawa ba sa sa ƙugiya a waya.

Ga waɗanda karatun boko bai yi musu nisa ba, aikin Indrani Medhi a cibiyar binciken Microsoft da ke Bangalor ta Indiya ya nuna jerin zaɓi mai rassa cikin rassa yana wahalar da su, murya da zane mai bayani kuma suna taimakawa. Yawan saƙon murya da ake turawa a WhatsApp a garin nan yana nuni ga abu ɗaya.

## Yadda ake raba gardamar

Hanyar ba ta da tsada. Nielsen ya nuna a 2000 cewa gwaji da mutum 5 yana fito da yawancin manyan matsalolin shafi. Sharaɗin shi ne su kasance irin waɗanda za su yi amfani da shi, a kan wayoyinsu, da datarsu, ba a kwamfutar ofis ba. Ba a tambayarsu ko ya yi kyau. Ana cewa, "Hajiya, nemo mana kuɗin zango na aji uku," sai a yi shiru a kalla. Gani ya kori ji. Mutum 5 ba za su faɗi launin da jama'a suka fi so ba, amma za su nuna inda ake tuntuɓe.

Wanda ke da shafi mai jama'a kuma ya yi hattara da sauya shi dare ɗaya. Shafin musayar labarai na Digg ya yi haka a 2010, masu amfani da shi da yawa suka koma kishiyarsa Reddit. Snapchat ya yi a 2018, mutum sama da miliyan 1 suka sa hannu a takardar neman a mayar da tsohon tsari.

## Wa ke ɗaukar asarar?

A shafin kasuwanci, mai kasuwa ne. Maziyarci yana fita ya nemi wani a Facebook ko ya kira wanda ya sani, kuma babu wanda zai gaya wa mai shafin dalili. Wannan na cikin abin da ya sa ƙananan 'yan kasuwa da dama suka tsaya a WhatsApp da Instagram, inda ba sai an koya wa kowa inda zai danna ba.

A shafin hukuma, makaranta ko asibiti, asarar tana kan talaka, domin ba shi da wani wurin zuwa. Idan ya kasa, kafe zai nufa, wato shagon intanet. Zai biya kuɗin mota da na aiki, ya kuma miƙa lambar NIN, ranar haihuwa da kalmar sirrinsa ga wanda bai sani ba. Idan mai kafe ya yi kuskuren harafi ɗaya, gyaran na iya cin watanni da wasu kuɗin. Masu lalurar gani sun fi shan wahala, tunda manhajar da ke karanta musu fuskar waya, irin TalkBack, ba ta iya faɗin abin da maɓalli mara suna yake yi. Jihar Filato, da ke da makarantar makafi ta Gindiri tun 1953, da sashen ilimin masu buƙata ta musamman a Jami'ar Jos, ba ta rasa waɗanda za su gwada shafi su faɗi gaskiya ba. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman kuma tana aiki a ƙasar tun Janairun 2019.

Birtaniya ta nuna abin da ke yiwuwa. Shafin gwamnatinta na GOV.UK da aka buɗe a 2012 kusan rubutu ne baƙi a kan fari, da sauƙaƙan kalmomi da manyan maɓallai, an gina shi ta hanyar gwaji da jama'a akai-akai, ya kuma ci kyautar zane ta shekara a Landan a 2013. A Najeriya hukumar bunƙasa fasahar sadarwa, NITDA, tana da jagora kan shafukan gwamnati, amma wanda ke da iko a aikace shi ne ofishin da ya ba da kwangila. Shi zai iya sawa a sharuɗɗan biyan kuɗi cewa sai an ga ɗalibi, dattijo da makaho sun kammala fom ɗin da kansu, a ƙaramar waya, kafin a saki kason ƙarshe.